Ya ja kujera ya zauna a teburina, ni kuwa ban san shi ba

Assalamu alaikum Tanti. Ni budurwa ce, shekarata 26, ina aikin lissafi a wani shagon kayan gini kusa da babbar kasuwar Maraɗi. Gidanmu yana unguwar Zariya, shi ya sa ba na komawa gida da rana, akwai wani ƙaramin gidan abinci da nake zuwa bayan azahar. Mako uku da suka wuce ina cikin cin shinkafa da wake sai wani mutum, zai kai shekara 40, ya ja kujera ya zauna a gabana, alhali ga tebura biyu babu kowa. Ya yi sallama na amsa. Ya shiga tambayata sunana, inda nake aiki, ɗiyar wa ce ni. Kunya ta sa na riƙa amsawa. Da na tashi zan biya, mai abincin ta ce ai ya riga ya biya. Tun daga ranar ya zo sau biyar, sau uku yana biya mini dala ɗari da hamsin ɗin da nake kashewa, yanzu kuma lambar wayata yake nema. Gaskiya bai taɓa yi mini maganar banza ba. Sai dai an sa mini rana bayan Babbar Salla, kuma wani ya gan mu ya kai wa wanda zan aura, har ya yi kwana biyu bai kira ni ba. Innata ta ce baƙo ba a wulaƙanta shi, in dai daina zuwa wurin kawai. Ƙawata ta ce in zazzage shi a gaban mutane. Ni ban iya faɗa ba, kuma ba na so in bar wurin, shi kaɗai ne mai tsabta da araha kusa da aikina. Yaya zan yi? Laifina ne?

Wata ɗiya daga Maraɗi

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya sanya alheri a ranar da aka sa, ya nuna mana ita lafiya.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don na ga ita ce ta fi ci miki rai. A ranar farko ba ki yi laifin komai ba. Mutum ya yi sallama kin amsa, haka aka rene mu. Duk ɗiyar da ta tashi a gidan mutunci, idan wanda ya girme ta ya tambayi sunanta, bakinta yakan riga hankalinta amsawa. Inda abin ya fara kuɓuce miki shi ne rana ta biyu da ta uku, da kika tarar an biya miki abinci kika tafi ba ki ce komai ba. Ke kunya ce ta ɗaure miki harshe. Shi kuwa da ya ga kin yi shiru, sai ya ɗauka an ce masa bisimilla. Wannan gyara yake bukata, kuma gyaran bai wuce ƙarfinki ba.

Akwai abu ɗaya a wasiƙarki da na karanta har sau biyu: tebura biyu babu kowa. Ki riƙe wannan, domin shi ne ya fayyace irin baƙon da kika yi. Waɗanda ke zama kusa da mutum ba tare da an kira su ba, ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ya rasa wurin zama, wuri ya cika, ya ce "ko da mutum nan?" ya zauna ya ci abincinsa, idonsa a kan kwanonsa, ya tashi ya tafi. Wannan babu abin da ke tsakaninku sai sallama da "a ci lafiya". Akwai matafiyi ko baƙauye da gari ya yi wa girma, yana neman fuskar da zai yarda da ita ya yi tambaya. Akwai mai damfara, wanda yakan fara da yabo ko labarin wani alheri da zai same ki, idonsa na kan jaka da waya. Akwai kuma wanda ke ɗin ce ya zo dominki. Mutumin da ya tsallake tebura biyu ya zo naki, har sau biyar, ba kujera ya rasa ba.

Ba na so wannan abin ya sa ki koma mai ɗaure wa kowa fuska, don haka bari in ba ki labarin wata baƙuwa tawa. Wata shekara ina tasha ina jiran motar Damagaram, na shimfiɗa ɗan zanena a inuwa na ɗauko dafaffiyar gyaɗa. Sai wata tsohuwa ta zo, ba sallama ba komai, ta zauna a gefen zanen har gwiwarta na taɓa tawa. Raina ya ɗan sosu, na janye jakata zuwa ɗaya gefen. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can sai ta kwance bakin zanenta, ta ciro tikiti da ya sha ninki har ya yi laushi, ta miƙo mini ta ce, "Ɗiyata, duba mini, motar nan ta tafi ta bar ni?" Ashe tun safe take zaune, ba ta iya karatu ba, tana jin nauyin tambayar maza. Da na kore ta da ido a ranar, da har yau abin yana damuna. Amma ki lura: bukatarta ta fito a cikin minti goma, kuma bukata ce da in na biya ta, ta ƙare. Naki baƙon bukatarsa ƙaruwa take yi. Jiya suna, yau wurin aiki, gobe lamba.

Inna ba ta faɗi ƙarya ba. Baƙonka annabinka, haka muka gada, kuma Maraɗi ta fi kowane gari sanin haka. Katsinawan da suka kafa sarautar garin nan a farkon ƙarni na 19, bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, da baƙunci suka iso bakin Gulbi. Har yau kuma kowace safiya motocin Yamai, Damagaram da na Ɗan Isa da Jibiya suna sauke mana fuskokin da ba mu taɓa gani ba, da su kasuwarmu take ci. Garin fatauci ba ya ƙin baƙo. Sai dai addinin da ya ce mai imani da Allah da ranar lahira ya girmama baƙonsa, shi ne kuma ya gindaya wa baƙon nasa ladabin, wannan ɓangaren ne ba a cika karanta wa ƴaƴa mata ba.

A cikin Buhari da Muslim akwai labarin wani sahabi, Abu Shu'aibu, da ya sa aka dafa abincin mutum biyar ya gayyaci Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a matsayin cikon na biyar. Wani mutum ya bi su ba a gayyace shi ba, irin abin da muke kira gayyar soɗi. Da suka isa, Annabi ya gaya wa mai gidan cewa wannan ya biyo mu, in ka so ka yi masa izini, in ka so ya koma. Mai gidan ya yi masa izini. Dubi yadda aka yi: ba a ci mutuncin mutumin ba, ba a kuma tilasta wa mai gida ba, an dai miƙa masa zaɓi a fili. A Suratun Nur, aya ta 28, an gaya wa mai neman shiga gidan wani cewa idan an ce masa ya koma, to ya koma. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hanin mutum ya raba tsakanin mutum biyu a wurin zama sai da izininsu. Haka ne, a Suratul Mujadala an umarce mu da buɗa wa juna wuri a majalisa, amma wannan ga wanda ya rasa wuri ne. Saboda haka in kika ce wa mutum cikin ladabi "ka yi haƙuri", ba ki fita daga tarbiyyar Inna ba, ba ki kuma saɓa wa addini ba.

Ki duba yadda maza suke yi a fada, ai kina wuce su kullum da yamma a ƙofar gidaje, buta na kan gawayi. In baƙo ya tsaya ya yi sallama, za a matsa masa a benci, a ba shi kofin shayi. Amma nan take hirar da ake yi takan canza, a koma zancen ƙwallo ko tsadar hatsi. Sannan wani daga cikinsu ya juyo ya ce, "Malam daga wace unguwa? Wurin wa ka zo?" Su ke tambaya, shi ke amsawa. Sai sun gane ɗan gidan wane ne kafin a koma maganar da aka ajiye. Ke kuwa aka juya miki abin: shi ya zo, shi ya yi tambaya. Yau ya san sunanki da wurin aikinki da gidanku. Ke me kika sani game da shi? A wasiƙarki ko sunansa ba ki nuna kin sani ba.

Sai dai in yi masa adalci shi ma. Wurin ba ɗakinki ba ne, kujerar ta mai abinci ce, ba ki da ikon hana shi shiga ya ci abincinsa. Kuma mai yiwuwa nufinsa aure ne, bai san an sa miki rana ba tunda ba ki gaya masa ba. A wurin maza da yawa biyan kuɗin abincin mace shi ne sallamar farko, in ta karɓa suna ganin ƙofa ta buɗe. Hanyar da ya bi ba ta yi ba, mutum mai shekara 40 ya san inda ake neman aure, tunda ya tambayi ɗiyar wa ce ke. Amma wanda bai taɓa faɗa miki maganar banza ba ya cancanci a gaya masa gaskiya sau ɗaya, a fili, kafin a yanke masa hukunci. Abin da yake hannunki shi ne hirarki, kwanonki da lambarki. Waɗannan ukun za ki karɓe.

Ki fara da mai abincin, tun kafin ki sake haɗuwa da shi. Ki je da wuri, lokacin da ba ta cikin hidimar zuba wa mutane, ki ja ta gefe. Ki ce mata, "Hajiya, don Allah daga yau kada ki sake karɓar kuɗin abincina a hannun kowa. An sa mini rana, abin ya fara jawo mini magana." Sannan ki ƙirga jika biyu da dala hamsin, kuɗin cin nan uku ke nan, ki ba ta ki ce ta mayar masa in ya zo, ta ce kin gode. Na san a albashin mai aikin shago kuɗin nan ba ƙaramin abu ba ne, amma su ne igiyar da ta ɗaure miki baki. Muddin kina jin kin ci nasa, duk ranar da kika buɗe baki za ki ji kamar butulci kike yi. Daga nan kuma ki riƙa biya tun kafin a zuba miki. Matan da ke sayar da abinci sun ga irin wannan ba adadi, kuma ba ta so ta rasa mai zuwa kullum saboda mai zuwa jefi-jefi. Ita ma ta yi sakaci da ta karɓi kuɗin ba ta tambaye ki ba, amma kada ki tsaya yi mata ƙorafi, ƙawance kike nema da ita. Ki roƙe ta ta riƙa ajiye miki kujera kusa da inda take zuba abinci, ko a teburin da mata suke.

In ya zo ya ja kujera, ki amsa sallamarsa yadda ya kamata. Sannan ki ajiye cokali, ki dube shi, ki ce: "Malam, na gode da alherin da ka yi mini, Allah ya saka. Amma an sa mini rana, kuma na fi so in ci abincina ni kaɗai. Ka yi haƙuri." Shi ke nan. Kada ki ƙara bayani, kada ki rufe da murmushin ban haƙuri, kada ki ɗaga murya kuma kada ki yi ƙasa da ita har ya ce bai ji ba. Ki gwada faɗar maganar a ɗaki sau uku ko huɗu kafin ranar, don mai kunya in ba ta saba da kalmomin a bakinta ba, suna maƙalewa a lokacin da ake bukatarsu. Ambaton sa ranar yana da amfani, domin duk musulmi ya san an hana neman aure a kan neman ɗan'uwa, kuma yana ba shi hanyar janyewa ba tare da ya ji kunya ba. Amma ki haɗa da rabin na biyu, cewa ke ce kike so ki zauna ke kaɗai. Ko da ba a sa miki rana ba, wannan dalilin ya isa.

Abin da nake jiye miki shi ne amsoshin da kunya ke koya mana: "sai wani lokaci", "wayata ta lalace", "zan yi tunani". Kowace ɗaya gayyata ce ta ya dawo gobe. Lambar ƙarya kuwa ta fi su muni, don a gabanki zai danna kira ya ce bari ki ga tasa. Lambar waya a yau ba ƙaramin abu ba ce, ita ce WhatsApp ɗinki da hotonki, da ita ake turo miki kuɗi, da ita za a iya tashinki ƙarfe biyun dare. Ki ce "ba na ba da lambata", ki tsaya a nan.

Mafi yawan maza a nan suke tsayawa. Zai ɗan yi dariyar borin kunya, wataƙila ya ce "ai ba da wani nufi ba ne", ki ce "na sani, na gode", ya tashi. In kuwa ya ƙi tashi, ke ki ɗauki kwanonki ki koma kusa da mai abincin. Ba gudu ba ne, kowa a wurin zai ga wanda ya ƙi jin magana.

In ya ci gaba bayan wannan, to abin ya tashi daga rashin sanin ya kamata ya koma naci, kuma naci ba a yi masa kawaici. Tunda ya san shagonku, ki gaya wa mai gidan aikinki tun yanzu, a taƙaice, don in ya ɓullo can a san da zancen. Ki yi kwana biyu kina zuwa da abokiyar aiki, ko ki aika yaro da kula ya karɓo miki. Ki samu ɗan kabu-kabu guda da gidanku suka sani ya riƙa mayar da ke Zariya. In kin gan shi a ƙofar shago ko a layinku, ki gaya wa yayanki ko kawunki, babban mutum mai sanyin kai ya same shi su yi magana ta manya. In ta kai ga tsare hanya ko barazana, akwai mai unguwa, akwai kwamisariya, wato ofishin ƴan sanda, lambar ƴan sanda kuma 17 ce. Ba na tsammanin za a kai nan, amma gara ki san hanyar.

Shawarar ƙawarki, ki bar ta. Na san don kishinki ta faɗa, amma zazzaga a gidan abinci taron jama'a take kirawa, kuma kin san garinmu: kafin la'asar labarin ya isa Zariya, ya kuma canza kama, a ce faɗan saurayi da budurwa ne. Mutumin da aka tozarta a gaban jama'a kuma yakan riƙe abin a rai. Ta Inna kuwa, ta daina zuwa wurin, tana kare suna amma ba ta kashe maganar. Ya san inda kike aiki, in ya rasa ki a tebur zai iya neman ki a shago. Kuma don me za ki koma cin abincin da bai kwanta miki ba alhali ba ke kika ja kujerar kowa ba? Ki zauna da Inna ki gaya mata abin da kika shirya yi, har da kalmomin da za ki faɗa. In ta ji babu zagi a ciki, ina kyautata zaton za ta sa miki albarka.

Saura angon naki. Ki kira shi yau, kada ki jira shi. Ki gaya masa komai yadda kika rubuto mini, har da biyan kuɗin, har da shirun da kika yi, da abin da za ki yi gobe. Abin da ya fi yi masa zafi, ina jin, ba zaman ba ne, a bakin wani ya ji. Wanda ya kai masa tsegumin kuwa bai ce masa "tebura biyu babu kowa" ba, cewa ya yi ya gan ku tare. Ki roƙe shi kada ya je wurin da niyyar faɗa. In yana so ya taimaka, ya zo rana ɗaya ku ci abinci tare, ya gaisa da mai abincin, ya biya naku ku biyu. Wannan kaɗai ya isa sanarwa.

Amma ɗiyata, ki buɗe ido ki ga yadda zai karɓi maganar. Fushin kwana biyu ga mai kishi ba abin mamaki ba ne. In ya saurare ki ya ce ki yi haƙuri da bai tambaye ki ba tun farko, kin samu miji. In kuwa ya ce daga yau ki bar aikin, ko ya fara neman duba wayarki, to wannan magana ce ta daban, kuma gara a yi ta a gaban manya tun kafin Babbar Salla.

Wani zai sake zama kusa da ke wata rana, a tasha, a asibiti, a gidan biki, tunda aiki ya fito da ke cikin mutane. Ki amsa sallama da sakin fuska, ki jawo jakarki da wayarki jikinki ba tare da nuna zargi ba, sannan ki riga shi tambaya: "Lafiya dai, Malam? Wani abu ne?" Mai bukata zai faɗi bukatarsa, wanda ya rasa wuri zai ce wuri ne babu, wanda kuma ya zo da wata manufa zai fara kame-kame. In an tambaye ki gidanku, "nan cikin gari" amsa ce cikakkiya. In an tambayi wurin aiki, "nan kusa" ta wadatar.

Gobe dai ki fara da mai abincin, da jika biyu da dala hamsin a hannunki. Ki rubuto mini bayan mako guda in ji yadda kuka ƙare da shi, da kuma abin da angon ya ce. Ki gaida Inna.